Ranar da Na Kira Habsu da Sunanta

'Ya'yana da jikokina, wannan babin na Habsu ne, kuma na daɗe ina kewaye shi. Kun taso kuna jin cewa akwai lokacin da Gwaggonku Dije, yayar mahaifinku, Allah ya jiƙanta, ta ɗauke ƙafa daga gidanmu na Jiratawa har Sallah biyu ta wuce. Wasu sun gaya muku zaginta na yi a gidan suna. Wasu sun ce aikin gidan likita ne ya hau mini kai har na manta inda na fito. Ban zage ta ba, kuma ba na so ku riƙe wannan magana a kaina ko a kanta. Abin da na yi shi ne na kira 'yata da sunanta a gaban mutane. Ku da kuke rungumar 'ya'yanku kuna ɗaukar su hoto a waya, na san za ku ce to sai me. Ku gyara zama in gaya muku.

Habsu ce 'yata ta fari. A tarbiyyar da aka yi mana, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta na tsagewa. Ga shi kuma sunan uwar mijina aka sa mata, wato uwar su Dije, don haka kunyar ta zama biyu. Ranar da na yaye ta, Dije ta zo daga Tibiri da sabon zane ta goye ta suka tafi, ni kuwa na shiga ɗaki na kama tankaɗen garin da na riga na tankaɗe. Dije ta riƙe ta riƙon da ko ni ban isa in yi ba. Ita ta yi jinyar ƙyandarta, ita ta sa ta lakkol, wato makarantar boko, ita Habsu ke ce wa Inna, ni kuwa Iya. Da ta girma aka aura mata Sani, ɗan Dijen, mai shagon kayan ɗinki a Sabon Gari cikin Maradi, suka ci gaba da zama a gidan Tibiri. In zan ambace ta sai in ce "waccan" ko "ta Tibiri". In ta zo gaishe ni, in amsa ina kallon tukunya. Amma na san tsawon yatsunta, na san ƙafar da take fara sa wa takalmi, dukansu da wutsiyar ido na koye su.

Ni kuwa a lokacin ina aikin rele, wato masu bi gida gida a madadin gidan likita. Ba malamar asibiti ba ce ni, karatun yaƙi da jahilci na yi, sai dai Allah ya ba ni baki da ƙafa. In na shiga gida na tarar da mai ciki, ban cika doguwar gaisuwa ba, sai in ce ta dubi sama, in sa babban yatsa in ja fatar idonta ƙasa. In cikin ja ne, madalla. In fari ne, to ranar ba za ta huta da ni ba. Matan Jiratawa har suna suka sa mini, Inna Buɗe-ido, kuma ina amsawa. Shekara da shekaru jar ƙwayar ƙarin jini muke da ita, a ƙulla wa mace 'yar kaɗan a leda, wani watan akwai wani watan babu. A shekarar da nake ba ku labari aka kawo mana sabuwa cikin tsarin awon ciki, wadda aka ce ta haɗa abubuwan gina jiki masu yawa a ƙwaya ɗaya, ba na jini kaɗai ba. A kwalba take, ana ba mace tun awon farko, ta sha ɗaya kullum har ta sauka. Na yi murna kamar ni aka yi wa kyauta. Na yi faɗa da mazaje a bakin masallaci, na yi da tsofaffi a gindin turmi. Nakan ce musu ku dubi zogalen Malam, maigidana, a fadama, ruwan famfo yana samu kullum, amma in ba a sa masa taki ba ganyen ba ya auki. Babu mai cikin da ta tsere mini a unguwarmu. Sai guda ɗaya, kuma ita a Tibiri take.

Habsu ta shekara goma a ɗaki. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa, kuma sau biyun ban je na riƙe hannunta ba, tuwo na aika. Bayan kaka, mahaifinku ya dawo daga Tibiri, ya jingine kekensa, ya daɗe yana wanke ƙafa, sa'annan ya ce, yana kallon buta:

"Yaya ta ce a riƙa addu'a."

Ban tambaye shi addu'ar me ba, na gane. Daga baya na ji sauran daga bakin wata mai sayar da ƙuli da ke zuwa mana daga can. Dije ta yanke cewa wannan karon ba wanda zai san da cikin sai an ji kukan jariri. A ganinta bakin mutane ne ya zubar da biyun farko. Don haka babu zuwa awo, inda matan gari za su gan ta a layi, kuma babu ƙwaya. Kada ku yi saurin ganin laifinta. Suna da ƙanwa, Ladi, wadda ta kwana uku tana naƙuda a gaban Dije, ɗa ya ƙi fita, aka rasa su duka biyun. Tsofaffi suka ce girman ɗan ne, Dije kuwa ta riƙe wannan har cikin ƙashinta. Da ta ji ana cewa sabuwar ƙwaya na sa ɗa ya yi ƙwari a ciki, abin da kunnenta ya ji shi ne ɗa zai yi girma. Sai ta rage wa Habsu abinci mai nauyi, ta tsare ta a ɗaki da kunu tsararo. Duk don so ta yi.

Na yi kwanaki ina juya abin, sai na yi dabara irin ta matsorata. Na je wurin sajfam ɗinmu, wato ungozomar gidan likita, yarinya ce sa'ar Habsu amma ba ta da wasa a aiki. Na ce ta ba ni kwalba ɗaya in aika wa wata.

"Wa ce ce, Inna Zulai?"

"Wata ce, can wajen Tibiri."

"Ba ta da suna?"

Na kama gyara mayafi. Ta dube ni, ta ajiye biro.

"Inna, ke da kanki kike hwaɗa ma mutane. Kwalba ba ta hita sai mai ciki ta zo da ƙahwarta, an auna ta, an buɗe mata karne, katin awo. In jininta ya yi ƙasa sosai, ƙwayar ga ita ɗai ba ta isa. Ki kawo ta, ko ki sa ta tahi na Tibiri."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ji haushinta. Na dawo gida na koma kan mahaifinku. Ku kun san shi, mutum ne da zai yi awa yana yi wa tumatir magana, amma kalma uku ga ɗan Adam sai an yi da gaske. Shi ma kuma 'yar farinsa ce, ga Dije yayarsa ce da ta goye shi. Na cika masa buhu da zogale, na sa wake, na sayi hanta, na zaunar da shi na karanta masa saƙo: ka ce wa Yaya a kai yarinyar nan awo, a karɓo mata ƙwaya, ba ta sa ɗa girman da ya wuce kima. Na sa ya maimaita sau biyu. Da la'asar ya dawo fuska a sake.

"Malam, ka hwaɗa mata?"

"Na hwaɗa."

"Mi kac ce?"

"Na ce kina gaishe su, kuma a kula da lahiya."

Sau uku ina aikensa, sau uku saƙon na narkewa a hanya tsakanin Jiratawa da Tibiri. Hantar ma na ji Sani ne ya cinye ta, don Dije ta ce ta yi wa mai ciki nauyi. Da ba ran mutum ke ciki ba da abin dariya ne. Kullum in fita in buɗe idon 'ya'yan wasu, in dawo in zauna ina lissafin watannin tawa a yatsu. Na ji tsoro a lokacin, tsoron da ban taɓa ji ba, don na san abin da ke faruwa in mace ta zo haihuwa ba jini a jikinta. Na sha rakiyar irinsu, kuma ba duka na dawo da su ba.

Cikin yana wata biyar aka yi suna a gidan ɗan kawun mahaifinku a unguwar Zariya, cikin Maradi. Suna ne da Dije ba ta da hanyar ƙin zuwa, kuma barin Habsu a gida zai fi jawo tambaya, sai ta naɗe ta cikin ƙaton hijabi ta zo da ita. Tsakar gida cike da mata, ana ta rabon waina da hantsi. Habsu ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon kwano kamar kullum. Da ta miƙe sai na ga ta dafa bango. Taku biyar zuwa tabarma, tana haki kamar wadda ta ɗebo ruwa daga Gulbi. Na saci kallon tafin hannunta, Dije ta sa mata lalle ya rufe. Leɓenta an shafa jan baki, idonta ya sha kwalli. Duk inda zan karanta daga nesa an rufe shi da ado. Sai kuma na ga ta zura hannu cikin hijabi ta ɓallo wani abu ta kai baki a ɓoye. Farar ƙasa ce, abin da masu ƙarancin jini ke kwaɗayi. Abin da ya rage mini hanya ɗaya ce, kuma sai da yatsana.

Ban san lokacin da na ajiye kwanon ba. Na ji dai muryata ta fita, da ƙarfi, irin wadda nake kiran matan unguwa da ita.

"Habsu! Zo nan."

Wallahi tsakar gidan nan ta yi tsit, har mai zuba miya ta tsaya da ludayi a sama. Shekara talatin sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, har na ji shi baƙo a harshena. Habsu ta waiga tana neman wadda ta kira ta, don ba ta san sunanta da muryata ba. Da ta ga ni ce, ta taso a hankali ta durƙusa. Na ce ta dubi sama. Na sa yatsa na ja fatar idon. Fari fat, ba ɗigon ja. Wannan ne karo na farko da na taɓa fuskarta tun ranar yaye.

Dije ta taso, ɗankwalinta ya zame.

"Zulai! Sunan wa kinka kira? Uwata ce kike kira gatsau cikin taro? Ina kunyarki ta tahi?"

"Yaya, ki gahwarce ni. Ɗiyarki ce, ban musa ba. Amma ba ta da jini."

"Yau kinka san da ita? Na ɓoye abina wata biyar, kin tone shi gaban duniya. In wani abu ya same shi, ke ce!"

"In wani abu ya same shi, ni ce. Na ɗauka. Amma yau sai likita ta gan ta."

Ban ƙara ko kalma a kan wannan ba, wanda ya ce muku na ƙara ya yi ƙarya. Na kama hannun Habsu, ina jiran ta fizge ta koma wurin Innarta, don da ta yi haka ba ni da ta cewa. Ba ta fizge ba. Muka fita muka tari adaidaita. Da muka kusa matarnite, wato asibitin haihuwa, sai ta ce, tana kallon titi:

"Iya, kowace mace ta Jiratawa kin buɗe mata ido. Har Tibiri ana ba da labarinki. Na daɗe ina cewa, ni ko yaushe za a zo kaina?"

Na yi kuka a cikin adaidaita, gaban direba, tsofai-tsofai da ni. Ashe duk shekarun da nake ganin ina kiyaye mutunci, ita tana can tana zaton ba ta cikin lissafina.

A matarnite suka soki yatsarta suka auna jinin, sajfam ɗin wurin ta dube ni ta girgiza kai. Ta ce ya yi ƙasa ƙwarai, sai an fara da magani mai ƙarfi na makonni, da na zazzaɓin sauro da na tsutsar ciki, a dawo a sake aunawa. Suka buɗe mata karne, suka sa ta ji bugun zuciyar ɗan da ke cikinta, ta rufe baki da hannu tana dariya. Da jinin ya fara hawa suka ba ta kwalbarta. Sani, Allah ya yi masa albarka, ya tsaya tsakanin uwarsa da matarsa bai karkata ga rashin kunya ba, amma shi ke kawo ta awo a bayan babur. Da cikin ya shiga wata bakwai, lokacin da mai cikin fari ke komawa gidan iyaye goyon ciki, kowa ya ɗauka za ta zauna wurin Dije, tunda ita ce uwar. Habsu ta ce Jiratawa za ta. Wannan ya fi kiran sunan yi wa Dije ciwo, kuma na san haka.

Wata biyun nan su ne mafi daɗi a rayuwata, ba na ɓoyewa. Kullum da safe bayan ta ci abinci in miƙa mata ƙwaya ɗaya da ruwa, in tsaya sai ta haɗiye, in hana ta shayi sai rana ta ɗaga. Tana ce mini sojan gidan likita. Mahaifinku kuwa, wanda ya kasa isar da saƙo, sai ga shi kullum da sabon ganyen zogale da gwanda daga fadama, ya ajiye a bakin ƙofa ya ce "a ba baƙuwa", ya wuce da sauri. A lokacin na san 'yata. Na gano ba ta cin kuɓewa, tana tsoron ƙadangare, kuma in dariya ta kama ta sai ta riƙa bugun cinyar na kusa da ita, daidai yadda uwata ke yi. Abubuwan da uwa ke sani tun ɗa na rarrafe, ni sai da ta shekara talatin na koye su. Sau uku ina zuwa Tibiri ba Dije haƙuri. Ta karɓe ni, ta ba ni ruwa, amma magana ɗaya take maimaitawa:

"Shekara talatin ina goyo, Zulai. Rana guda kinka zo kinka nuna ma duniya ban iya ba."

Akwai gaskiya a cikin wannan. Da na yi ƙarfin hali tun farko na je ɗakinta mu biyu, da ba a kai ga tsakar gidan suna ba. Kunyata ce ta ja ta ga jin kunya a gaban mutane, kuma wannan laifina ne.

Naƙuda ta zo da safe, muka tafi matarnite a Maradi, kafin azahar ta haifi mace. Bayan mabiyiya ta fita sai jini ya ɓalle. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ganin ana shiga da gudu ana fita da gudu, ni da na saba ba wasu haƙuri a wannan ƙofar na rasa wanda zai ba ni. Allah ya sa suka tsayar da shi. Da komai ya lafa, sajfam ta fito tana goge hannu ta ce mini in gode wa Allah, da da jinin da ta fara zuwa da shi ta zo yau, da wata magana ake yi. Ba na ce muku ƙwaya ke rayawa ba, Allah ke rayawa. Amma na ga abin da ta tanadar wa 'yata na ranar da ta buƙata. Dije ba ta zo suna ba, sai dai ta aiko turmin atamfa da tukunyar kunun kanwa. Sai da jaririyar ta fara tafiya, wata rana da hantsi muka ji sallamarta. Ta zauna, ta ɗauki yarinyar da Habsu ta kawo mana yini, ta ɗora tafin hannu a kanta tana aunawa, ta daɗe.

"To," ta ce, "kan dai irin na mutane ne."

Daga nan ta tambayi ko akwai fura. Iyakar sulhunmu ke nan, kuma ya riƙe mu har ta koma ga Allah.

Da lokacin yaye ya zo, Dije da kanta ta ce tunda ita ta riƙi ta fari a wancan karon, wannan ta Zulai ce. Kada ku so ku ga murnata. Na share ɗaki, na sa mahaifinku ya gyara gadon, na sayi sabon zanen goyo, na gaya wa duk matan unguwa cewa na kusa yin ɗiya. Na ga kamar Allah ne zai mayar mini da abin da ya wuce ni. Ranar da aka sa, na hau mota zuwa Tibiri tun da safe. Na tarar da Habsu zaune a ƙofar ɗaki, yarinyar na kan cinyarta tana wasa da 'yan kunnenta. Muka gaisa. Na warware zanen. Habsu ba ta miƙo ta ba, sai ta ƙara matse ta a ƙirji, ta dube ni ido cikin ido, abin da da can ba ta yi.

"Iya, ki yi mani haƙuri. Wagga ba ni ba da ta, ko gare ki. Ki zo kullum ki gan ta, in kawo maki ita duk Juma'a. Amma ina so ranar da tag girma tad ɗau ciki, ya zan ni ad da bakin tambayarta."

Dije ta buɗe baki za ta yi faɗa, na ɗaga mata hannu. Na naɗe zanena na sa a hammata, na zauna muka ci tuwon rana tare, jikata na ta tsoma hannu a miyata. Da la'asar na koma Jiratawa hannu rabbana, ɗakin da na share yana jirana. Na yi kewar yarinyar nan har na rame, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma a duk rayuwata ba a taɓa hana ni abu na ji daɗin hanin kamar ranar ba.